Wuƙata Mai Hali Biyu

Ranar wata Asabar ce, cikin watan Satumba na shekarar 1965, ruwan sama ya fara ja da baya, dawa ta fitar da kai, Baba ya kama hannuna muka nufi maƙerar Malam Sule da ke gindin tsamiya a bakin hanyar Kafur. Ina wajen shekara tara, na sa rigar zuwa coci ba tare da kowa ya ce in sa ba, domin a ranar za a ba ni wuƙata ta farko. Muna isa muka tarar Malam Sule ya gama ta tun da safe. 'Yar ƙarama ce, tsawonta bai wuce tafin hannun Baba ba, an lanƙwashe tsininta don kada ta soki kowa, an yi mata ƙota da itacen marke. Ya gwada ta a gashin hannunsa, gashin ya zube. Na miƙa hannu biyu zan karɓa, sai Baba ya riga ni. Ya tsuguna gaban dutsen da ke gefen zugazugi, ya tsayar da bakin wuƙar a kai cak, ya yi ta gurzawa gaba da baya. Ni a zatona ƙara mata kaifi yake yi, har ina jin daɗi wai ubana ya fi maƙeri iya aiki. Malam Sule kuwa ya ajiye awartaki ya dube shi, ya ce, “Malam Bulus, aikin safiya guda kake ɓata mini fa.” Baba ya ce, “Yarinya ce.” Ban fahimci ko ɗaya daga cikinsu ba, na dai rungume wuƙata muka koma gida.

A gidanmu ba a ba yarinya wuƙa don ta yi wayo ko don ta iya surutu, da haka ne da na samu tun ina shekara biyar. Sai ta iya ɗauko tulu daga rafi ba ta jiƙa bayanta ba, sai ta iya hura wuta da ɗanyen kara ba ta yi kuka ba. Kafin nan ɓawon karan dawa ne wuƙarmu. Da shi muke yanka ganyen tafasa a bayan rumbu, mu yi miyar ƙarya a fasasshen kasko, mu tuƙa tuwon ƙasa, mu ciyar da 'yan tsanarmu. Wuƙar gaske kuwa da lokacin kuɓewa take zuwa. Idan damina ta zo ƙarshe, matan gidan da na maƙwabta sukan shimfiɗa tabarma a inuwar ɗurumin tsakar gida bayan an sauko daga gona, a juye kuɓewa tuli, kowace ta ja faifai ta yi ta yankawa ƙanana-ƙanana, a baza a kan zana ta bushe. Ita ce miyar gida har wata daminar. A wannan zaman ake jin duk labarin ƙauye, wadda ta yi ciki, wanda saniyarsa ta shiga gonar wani, wadda gishirinta ya yi yawa a bikin suna. Yarinyar da ba ta da wuƙa korar kaji ne aikinta, ita da ƙananan yara. Na shekara uku ina korar kaji, kuma Allah ya sani na tsani kajin nan.

Inna, mahaifiyata, ita ta kafa mini doka a daren farko kafin a ci tuwo. Da yake ni ce 'yar fari ba ta kiran sunana, sai ta ce, “Ke, jini uku ne. Na farko koyo, na biyu gargaɗi, na uku in karɓe wuƙa sai baɗi.” Ba mugunta ba ce. Kuɓewar da jini ya taɓa ba ta shiga rumbu, zubar da faifan gaba ɗaya ake yi, kuma gidan da ke da baki goma sha ɗaya ba ya wasa da miyar rani. Amma ni abin da na ji shi ne: in na yanke sau uku, zan koma wajen kaji, ga 'yar baffana Laraba, wadda na girme ta da wata bakwai, an ce ita ma baɗi za a ƙera mata tata. Mu zauna sa'a ɗaya da Laraba? Na gwammace in rasa yatsa.

Yankan kuɓewa a wurinmu a hannu ake yi, babu katako, babu tebur. Ki riƙe kuɓewa da hagu, wuƙa a dama, ki tokare kuɓewar da babban yatsan dama, ki jawo bakin wuƙar zuwa gare shi a hankali. Matan da suka ƙware ko kallon hannunsu ba sa yi. Wadda ta fi kowa ita ce Iya, kakata mahaifiyar Baba, wadda yana ta rufe mata ido har ba ta rarrabe fuska sai murya. Wuƙarta ƙaras-ƙaras kawai take yi, faifanta ya cika kafin na kowa. Ni kuwa ranar farko na zauna kusa da ita ina hura hanci, na ɗora wuƙa a kan kuɓewa na ja, ba ta shiga ba. Na ƙara ƙarfi, kuɓewar ta lotse, yauƙi ya fito ya cika mini hannu. Na cije leɓe na danna, sai wuƙar ta zame ta sauka a kan yatsana na hagu. Ba ta yanka kuɓewa ba, amma ta san yadda za ta yage fata. Inna ta ɗaga yatsa ɗaya sama. Iya ta lalubo wuƙar daga cinyata, ta shafa bakinta da babban yatsa, ta ce, “Uhm.” Ta mayar mini.

Washegari da na dawo daga makaranta na zaro wuƙata daga jinkar madafi inda ake soke wuƙaƙe, na zauna da niyyar yau sai na ga bayan kuɓewar nan. Na tattara duk ƙarfin da jiya ya koya mini, na ja. Wuƙar ta ratsa kuɓewar kamar ba komai a wurin, ta wuce ta shiga babban yatsana. Na zauna ina kallon jinin, ban ma tuna in yi kuka ba don mamaki. Wuƙar da jiya ta ƙi cin kuɓewa, yau ita ce take neman ƙashi. Inna ta ɗaga yatsa biyu. Kwana biyu kacal da samun wuƙa, saura mini jini ɗaya.

Daga nan kaina ya ɗaure, kuma bai kwance ba har kusan wata guda. Wata rana in ɗauko ta tana ci kamar aska, wata rana in ɗauko ta ko ganyen alayyafo sai ta murje shi. Ƙota ɗaya, tsawo ɗaya, 'yar tsagar da na yi mata da ƙusa tana nan, balle in ce an musanya mini. Na fara ƙirga kwanaki ko tana da ranakun hutu, lissafin bai fita ba. Na ce ko laifina ne, domin na taɓa satar ƙuli-ƙulin Inna, sai na riƙa durƙusawa a bayan madafi ina addu'ar neman gafara kafin in taɓa ta. Ranar da na yi addu'a mai tsawo ta dakushe, ranar da na manta ta yi kaifi, abin ya ƙara tsorata ni. Na tuna kukar da ke bayan gari wadda tsofaffi ke cewa da mutanen ɓoye a cikinta, amma Baba ya hana a ambaci irin wannan a gidansa tun da ya shiga addinin Kirista, don haka na haɗiye. A makaranta kuma Malama Saratu, mai koya mana aikin gida, ta zo da katako sumul ta ce wanda ya waye ba ya yanka abu a hannu, a kan katako ake yi, bakin wuƙa na kallon waje. Na dawo gida na kifa 'yar kujerar Inna zan gwada, ta ce in ta sake ganin abinci a kan abin da ake zama, sai na gane kurena. Kowa dai cewa yake yi don kada in yanke ne, kuma duk wanda na bi sai wani ya ce na yi kuskure.

Ƙawata Hansatu, 'yar Malam Sule, ita kaɗai na gaya wa. Tare muke zuwa rafi, tare muke gaɗa in wata ya fito, in azuminsu ya zo ta kawo mini kunun tsamiya, in Kirsimeti ya zo in kai mata shinkafa. Ta ce bakin mutane ne, in ɗaura wa ƙotar baƙin zare. Na ɗaura, babu abin da ya canza. Da ta ga na fara ramewa sai ta tambayi babanta, shi da ya ƙera ta. Ta dawo ta ce dariya ya yi har da tari, ya ce mu je mu tambayi dutsen gidanmu. Muka tafi kuwa, mu biyu, muka tsuguna gaban dutsen washi da ke gindin randa, muka yi ta kallonsa. Dutse ne dai, baƙi, tsakiyarsa ta lotsa, da ɗan ruwa kwance a ciki. Hansatu har ta ɗaga shi ko akwai laya a ƙasa, muka tarar da kyankyaso biyu.

Abin da ban sani ba a lokacin, kuma yau in na tuna ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba, shi ne mutum biyu ke ziyartar wuƙata a ɓoye. Baba, in ya dawo daga gonar auduga da yamma yana wanke fartanya a gindin randa, yakan zaro ta ya taɓa, in ya ji kaifi ya yi tsaki, ya ce a ransa matan gidan nan ba sa jin magana, ya tsayar da ita a kan dutse ya kashe bakin. Iya kuma, da hantsi in gida ya watse, ni ina makaranta sauran suna gona, takan lallaba da sandarta ta zaro ta, in ta ji ta dakushe ta ce maƙeran yanzu ƙarfen banza suke sayar wa mutane, ta kwantar da ita a kan dutsen nan ta wasa. Ba kullum suke tunawa ba, shi ya sa lissafina ya ƙi fita. Babu wanda ya san da aikin ɗan'uwansa, kuma babu wanda ya ga dalilin gaya wa yarinya.

Na dai samo wa kaina dabara. Kafin in zauna sai in gwada ta a jikin kara, in ta ci in sassauta hannu, in ta ƙi in danna da lura. Da haka na yi kusan sati uku babu jini, har Inna ta fara juye faifaina cikin na manya ba ta duba ba, har na fara sa baki in ana labarin saniyar wani. Sai ranar babban yanka ta zo, wata Asabar da aka tsinke kuɓewar fadama gaba ɗaya, matan gida huɗu suka taru a ƙarƙashin ɗurumi. Da safe na gwada wuƙata, a dakushe take, na ajiye ta a kan faifai. Inna ta aike ni rafi in ƙaro ruwa. Da na dawo na tarar an fara, ana ta dariya, Laraba na can tana fama da kaji tana hararata. Na sauke tulu da sauri na zauna. Na riga na gwada ta da safe, me zai sa in sake? Na ɗauki wata ƙatuwar kuɓewa da ta fara tauri, na tokare ta, na danna da duk ƙarfina.

Ban ji zafi ba da farko, sanyi na ji. Sai na ga faifan ya yi ja, har tulin da ke gefensa. Wata maƙwabciya ta yage bakin zanenta ta ɗaure mini yatsan, wata ta ruga ta karyo bini-da-zugu za a ɗiga ruwansa. Inna ta sunkuya ta ɗauke wuƙar daga tabarma, ta soke ta a ɗaurin zanenta, ba ta ma ɗaga yatsu ba. Wannan ne ya sa ni kuka, ba yankan ba. Aka kira Baba daga gona. Ya shigo a guje da ƙasa har gwiwa, ya ture ganyen, ya ɗauko kwalbar maganin aidin da yake ɓoyewa a akwatinsa tun wani zuwa asibitin mishan. Garin sauri, rabin maganin a ƙasa ya zuba. Yana ɗaurewa yana cewa, kamar da kansa yake magana, “Yaya aka yi haka? Jiya da yamma na kashe bakinta da hannuna.”

Wuƙar Iya ta daina ƙaras-ƙaras. Ta juyo da fuskarta inda muryarsa take, ta ce, “Ashe kai ne.” Ita ma ba ta kiran sunansa. Baba ya ce, “Iya, ke ce kike wasa ta?” Ta ce, “Ɗazu ma da ta tafi rafi.” Matan maƙwabta suka fara tattara faifansu, amma ba wadda ta tashi. Baba ya yi ƙasa da murya ya ce, “Kin manta Nomau ne?” Nomau ƙanensa ne, na san sunan kawai, an ce ya rasu yana yaro bayan lauje ya sare shi a ƙafa wajen yankan ciyawa, ciwon ya ruɓe, haƙoransa suka sarƙe. Baba ya ce, “Ni na zaɓar masa tsohon lauje wanda ba ya ci, don kada ya ji ciwo. In marar kaifi ya yi wannan, ina ga mai kaifi?” Iya ta juya kuɓewar da ke hannunta. Sannan ta ce, “Da nake wanke masa ƙafar ya gaya mini. Ciyawar ce ta ƙi yankuwa, ya ja da hannu biyu, laujen ya kuɓuce. Da yana ci, da bai ja ba. Na yi shiru ne don kai ma yaro ne a lokacin. Yanzu kuwa ga yatsan yarinyar nan.”

Ban gane nauyin maganar ba. Ni dai na ga Baba ya rufe kwalbar aidin a hankali, ya miƙe, ya fita ba tare da fartanyarsa ba, bai dawo ba sai da aka kira magariba a masallacin su Hansatu. Na ga Inna ta kwashe kuɓewar da ta ɓaci ta zuba wa awaki. Na ga Iya ta shiga ɗakinta da rana tsaka, abin da ba ta yi. A raina ina ta tambaya, to wa ya yi laifi? In Baba ne, me ya sa kowa ke tausayinsa? In Iya ce, me ya sa ba wanda ya yi mata magana? In kuwa ba ni ba ce, me ya sa wuƙata take ɗaure a zanen Inna? Washegari a coci Baba ne ya kamata ya yi karatu, ya ce muryarsa ta dushe, wani ya karanta.

Kwana huɗu ina korar kaji da yatsa a naɗe, Laraba na raka ni da murmushi. A rana ta biyar da yamma Baba ya tsaya a ƙofar madafi ya ce wa Inna ta ba shi wuƙar. Ya je gindin randa ya tsuguna, ya yayyafa wa dutse ruwa. Na matso ina kallo. Wannan karon bai tsayar da ita ba, kwantar da ita ya yi, ya riƙa ja a hankali, gefe ɗaya sannan ɗayan. A nan ne kawai na gane abin da na gani a maƙera. Da ya gama bai ba ni ba, ya kai wa Iya. Ta shafa bakin da yatsa ta ce, “To.” Inna, wadda ban taɓa ji ta janye doka ba, ta ce wa iska, ba ni ba, “Jinin nan uku ba nata ba ne ita kaɗai.” Kuɓewar ta kusa ƙarewa a lokacin, sai ragowar masu tauri. Iya ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta, ta ɗora hannunta a kan nawa, ta ce, “Kada ki tura ta, Rahila. Ki bar ta ta tafi da kanta, ke dai ki san inda yatsanki yake.” Baba yana zaune a kan turmi daga nesa, yana kallon kowace kuɓewa har na cika faifan.

Shekarun baya 'yata ta sayo wa jikata wuƙaƙen koyon girki na yara a wani kanti a Kaduna, na roba, ja da kore da ruwan ɗorawa, masu haƙora, suna yanka tumatir amma ba sa cin fata. Na gwada ɗaya a yatsana, daidai kan tabon, ba ta yi komai ba. Na ce madalla, kuma da gaske nake. Yarinyar tana tsaye a kan kujera tana yanka a kan katako kamar yadda Malama Saratu ta so, ba tabarma, ba ɗurumi, ba wanda ke ba da labarin saniyar kowa. Na san wata rana sai an ba ta ta ƙarfe, na kuma san mai kaifi ya kamata a ba ta, ni ce shaida. Duk da haka, ranar da ta miƙa hannu wajen wuƙata ta gaske, kafin in yi tunani na ɗauke na ɗora a saman kabad, kamar dai yadda Baba zai yi. Tsohuwar wuƙar tana nan a wurina, a akwatinsa muka same ta bayan rasuwarsa, naɗe a tsumma kusa da kwalbar aidin da ta bushe. Ta sirance ƙwarai, wata guda kawai na wasawa da dakusarwa ya cinye kusan rabinta. Nakan ɗauko ta in shafa bakin, in rasa wanda zan ba gaskiya tsakanin Baba da Iya. Su biyun yaro ɗaya suke wa kuka, a kan yatsana.